Ƙararrawar Ma'ajiyar Bayanai: A Yawaita Gargaɗi Ko A Rage Hayaniya?

Ranar Talata 29 ga Agustan 2023, masana'antun harhaɗa motoci 14 na kamfanin Toyota da ke Japan suka tsaya cak. Ba a yi girgizar ƙasa ba, ma'aikata ba su shiga yajin aiki ba, kuma kamfanin ya ce babu wanda ya yi masa kutse. Bayan mako guda ya fito da dalili: wuri ne ya ƙare a faya-fayan kwamfutocin da ke tura odar sassan mota ga masu kawo kaya. Ranar Lahadi 27 ga wata an yi aikin gyaran da aka saba, ana cikin sharewa da daidaita bayanan da suka taru sai fili ya gaza, manhaja ta tsaya. Na'urar da aka tanada don ko-ta-kwana kuwa a kan tsari ɗaya take zaune da ta farkon, don haka ita ma ta kasa ɗaukar aikin. Sai da aka kwashe bayanan zuwa na'ura mai faɗi sannan aiki ya dawo washegarin tsayawar masana'antun.

Duk mai kula da ma'ajiyar bayanai ta babban kamfani, banki ne ko kamfanin sadarwa ko ma'aikatar gwamnati, ya san waɗannan na'urori surutu gare su. Ta NetApp ce, ko ta Dell, HPE, IBM ko Pure Storage, kowacce tana zuwa da tarin saƙonnin gargaɗi: faifai ya fara ciwo, zafi ya yi yawa, batir ya yi sanyi, fili ya kusa cika. Abin da ya raba kan injiniyoyi shi ne yadda za a yi da wannan surutun. Wasu sun ce a buɗe kowace ƙararrawa, a ja layi tun da wuri, da zarar ma'ajiya ta kai kashi 75 ko 80 cikin 100 a tayar da kowa. Wasu kuma sun ce yawan ƙararrawa shi ke toshe kunne, a bar 'yan kaɗan waɗanda in sun yi kuka dole mutum ya tashi tsaye. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba a tsallake ta da wasa.

Masu cewa a yawaita

Hujjarsu ta farko ita ce ma'ajiya ba kamar sauran kayan aiki take ba. Idan layin intanet ya cushe, aiki yakan yi nauyi amma yana tafiya. Idan ƙwaƙwalwar kwamfuta ta gaji, mutane sukan yi jira su yi tsaki. Ma'ajiya kuwa in ta cika, rubutu ya tsaya ke nan, kuma duk abin da ke zaune a kanta ya tsaya tare da ita: rumbun bayanan masu ajiya, manhajar biyan albashi, imel, har da rajistar da za a duba a gano abin da ya faru. Shi ya sa masu ƙera manhajojin da kansu suka ja layukan. Manhajar Ceph tana yin gargaɗi idan wani faifai ya kai kashi 85, ta daina tura masa bayanan da ake sake rarrabawa a kashi 90, a kashi 95 kuma ta ƙi karɓar rubutu gaba ɗaya. VMware yana nuna launin ɗorawa a kashi 75, ja a kashi 85. Masu wannan ra'ayi suna cewa waɗanda suka ƙera abu sun fi kowa sanin inda yake karyewa, don haka babu dalilin da wani zai zo ya goge layin da suka ja.

Ta biyu, filin da ake gani babu komai a cikinsa yana aiki. A ɗauka akwai kwamfutoci 10 da suka haɗu suka zama ma'ajiya guda, kowacce ta kai kashi 88. A ido, saura kashi 12, babu abin tashin hankali. To amma in guda ta mutu, dole a sake gina bayananta a kan tara da suka rage, kuma lissafi ya nuna za su haura kashi 97. An wuce layin daina rubutu ba tare da wani ya ƙara ko fayil ɗaya ba. Haka tsare-tsaren da ba sa rubuta sabon abu a kan tsoho, irin su ZFS, sukan fara jan ƙafa idan fili ya matse, shi ya sa aka daɗe ana ba da shawarar kada a bar su su wuce kashi 80. Abin da ya sami Toyota ma darasi ne a nan: hatta shara tana buƙatar wurin juyawa. Wanda ya bari sai ma'ajiya ta cika maƙil sannan ya ce zai rage kaya, zai iya tarar da cewa ragewar ma ba ta yiwuwa.

Ta uku, akwai rabon alkawari, dabarar da kamfanin 3PAR ya yi fice da ita kafin HP ya saye shi a 2010. A wannan tsari, ana nuna wa kowace manhaja fili mai yawa alhali ba a ba ta komai ba sai abin da ta rubuta. Kamar ɗan kamasho ne da ya sayar da tikiti 30 na mota mai kujera 18, da fatan ba duka fasinjojin za su zo lokaci guda ba. Dabarar tana ceton kuɗi sosai, amma tana ɓoye gaskiya: mai kula da rumbun bayanai yana duba allonsa ya ga rabin filinsa a buɗe, alhali ainihin faya-fayan da ke ƙarƙashi sun kusa cika. Ranar da suka cika, manhajoji da yawa ne za su faɗi tare, kowacce tana rantsuwa tana da sauran wuri. In babu ƙararrawar da ke kallon ƙasan, babu wanda zai sani.

Hujja ta huɗu ta shafi lokacin sayen kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma faya-fayan babbar ma'ajiya ba kayan kanti ba ne. Akwai neman farashi, amincewar shugabanni, biyan kuɗi, jigila, sannan ranar da za a yarda a taɓa na'urar. Ambaliyar da aka yi a Tailan a 2011 ta nutsar da masana'antun Western Digital, farashin faifai ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Ƙarancin kayan ƙwaƙwalwar lantarki na 2021 ya sa oda ta riƙa ɗaukar watanni. Ga kamfani a Legas ko Kano ko Yamai, a ƙara da neman dala da fito da kaya daga tashar ruwa. Wanda ya yi kasafi a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin hukuma, ya jinkirta sayen har Fabrairun 2024 da ta haura 1,500, ya san kuɗin jinkiri. Don haka, in ji wannan ɓangaren, gara a dame ka yau da gargaɗin da bai kai ba, da ka yi ihu bayan hari.

Masu cewa a rage

Waɗannan ba su musanta ko ɗaya daga cikin haɗurran da aka lissafa ba. Abin da suke cewa shi ne an manta da wanda ke ƙarshen wayar. Ɗan Adam ne, kuma hankalinsa yana da iyaka. Sukan kawo misalin matatar man Texaco da ke Milford Haven a Birtaniya, wadda ta yi bindiga ranar 24 ga Yulin 1994, mutum 26 suka jikkata. Bincike ya nuna cewa a mintuna 11 na ƙarshe kafin fashewar, ma'aikata biyu sun fuskanci ƙararrawa 275. Gargaɗin da zai cece su yana ciki, amma ya nutse a tsakanin 'yan'uwansa. Bayan haka ne ƙa'idar EEMUA 191 ta fito a 1999, inda ta ba da shawarar kada ma'aikaci ya riƙa samun fiye da ƙararrawa ɗaya a cikin minti 10 a lokacin aiki na yau da kullum. A asibitocin Amurka ma, hukumar Joint Commission ta bayyana a 2013 cewa ta sami rahoton aukuwa 98 da suka shafi ƙararrawar na'urorin jinya daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012, kuma 80 daga ciki sun ƙare da mutuwa.

A ɗakin kula da na'urori abin yana tafiya ne a hankali. Ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara: wani sashe ya kai kashi 80. Injiniya ya tashi, ya kunna kwamfuta, ya ga aikin kwafin ko-ta-kwana ne ya ɗan kumbura shi, da asuba zai sauka 78. Ya koma barci. Gobe haka, jibi haka. Kafin mako ya zagayo ya sa wayar a shiru. Kafin wata ya ƙare ya buɗe wani aljihu a akwatin imel, ya umarci manhaja ta riƙa zuba duk saƙon ma'ajiya a can. Lambar da ke gefen aljihun tana hawa, dubu ɗaya, dubu uku, ba mai buɗewa. Ranar da faifai biyu suka mutu a rukuni guda, saƙon can ya faɗa shi ma. Ba lalaci ya kawo haka ba. Na'urar ce ta koya masa cewa kukanta ba ya nufin komai.

Hujjarsu ta biyu ita ce kaso cikin ɗari yana yaudara. Ma'ajiya mai terabayit 10 da ta kai kashi 80 tana da sauran terabayit 2. In tana cin gigabayit 200 kullum, kwana 10 ya rage mata. Wata mai terabayit 1,000 da ta kai kashi 95 tana da sauran 50; in tana cin gigabayit 100 kullum, tana da kwana 500. Layin kashi 85 zai yi shiru a kan wadda ke bakin rami, ya yi ta kururuwa a kan wadda ke da shekara da watanni a gaba. Tambayar da ta dace, in ji su, ita ce kwana nawa ya rage. Manhajar sa-ido ta Prometheus, wadda aka fara ginawa a kamfanin SoundCloud a 2012, tana da hanyar duba yadda fili ya riƙa raguwa a 'yan sa'o'in baya ta hasko lokacin da zai ƙare. Littafin da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 kan tafiyar da manyan na'urori ya tsaya a kan cewa duk saƙon da zai tayar da mutum daga barci dole ya zama na gaggawa, mai buƙatar aikin da sai mutum ne zai iya yi, kuma kada irin wannan ya wuce biyu a aikin sa'a 12.

Ta uku, kuɗi. A ɗauki na'ura mai faifai 24, kowanne terabayit 10. A takardar saye an rubuta 240. A ware biyu don maye gurbin wanda ya mutu. A raba sauran gida biyu a tsarin RAID 6, kowane gida ya sadaukar da biyu don kariya, saura 180. Mai sayarwa yana ƙirga da dubu-dubu, kwamfuta kuma da 1,024, sai ta nuna wajen 164. Wasu na'urori, kamar na NetApp, sun daɗe suna riƙe kashi 10 don harkar cikin gida, su kuma ware kashi 5 don hotunan bayanai da ake ɗauka lokaci-lokaci. An dawo wajen 140. In aka ce kada a wuce kashi 80, abin amfani ya zama 112, kusan rabin abin da aka biya. Sauran yana nan yana jan wuta, yana shan sanyin na'urar sanyaya ɗaki, a wasu wuraren ma yana ƙona man janareta. Daraktan kuɗi da ya tambayi dalili bai yi laifi ba.

Inda kowa ke tuntuɓe

Akwai wani lamari da ɓangarorin biyu ke ja kowa zuwa gefensa. A Disambar 2016, ma'ajiyar 3PAR da hukumar tara haraji ta Ostireliya ke amfani da ita a Sidni ta faɗi, shafukan hukumar suka rufe na kwanaki. Rahoton da hukumar ta fitar a 2017 ya nuna cewa a watannin da suka gabaci faɗuwar an rubuta aƙalla aukuwa 77 da suka shafi sassan da daga baya suka lalace, da kuma aƙalla saƙonnin gargaɗi 159 a rajistar na'urar. Masu cewa a yawaita sukan ce: kun gani, ƙananan saƙonni su ne manzannin babbar masifa. Masu cewa a rage sukan amsa: ai saƙonnin sun zo, har 159, me suka hana? Dukkansu sun faɗi gaskiya. An yi ta gyara abin da kowane saƙo ya nuna, amma hukumar ta ce ba a fahimtar da ita girman abin da jerin saƙonnin ke nufi ba. Abin da aka rasa shi ne mutumin da zai jera su ya karanta su a matsayin labari guda.

Raunin masu ragewa shi ne shiru yana da fassara biyu: ko lafiya lau, ko ƙararrawar ce ta mutu. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan GitLab ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka je ɗauko kwafin ko-ta-kwana sai aka tarar aikin kwafin ya daɗe ba ya tafiya. Manhajar tana aika imel duk lokacin da ta gaza, amma uwar garken da ke karɓar saƙon tana watsar da shi saboda bai cika sharaɗin tantancewa ba. Kamfanin ya yi asarar bayanan kusan sa'a shida. Haka kuma hasashen kwanaki yana dogara ne da cewa gobe za ta yi kama da jiya. Manhajar da ta haukace ta fara zuba rajista, ko ɓarayin da ke garkuwa da bayanai suka fara kulle fayiloli, suna iya cinye filin wata shida a dare ɗaya, domin bayanan da aka kulle ba sa matsuwa, kuma hotunan baya sukan kumbura nan take. Manyan kamfanoni suna sayar da hasashe mai zurfi ta hanyar Active IQ, Pure1, InfoSight da makamantansu, amma sai na'ura ta riƙa aika rahoton lafiyarta waje ta intanet, abin da hukumomin tsaro da wasu bankuna ba sa yarda da shi.

Raunin masu yawaitawa kuma shi ne zaton cewa duk masifa tana sallama. Binciken da Google ya wallafa a 2007 kan faya-fayai sama da 100,000 ya gano cewa kashi 36 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba a ma'aunin lafiyar da ke jikinsu. A 2019, HPE ya sanar cewa wasu faya-fayansa na SSD za su mutu da zarar sun cika sa'a 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da sa'a 8, saboda kuskure a manhajar cikinsu, kuma waɗanda aka kunna rana ɗaya za su iya mutuwa kusan tare. Layin kashi 80 ba ya hango irin wannan. Mai karanta sanarwar kamfani ya sabunta manhaja a kan kari, shi ne ya tsira.

Hukunci

Da aka auna, masu ragewa sun fi kusa da gaskiya a kan tambayar wa za a tayar kuma yaushe, masu yawaitawa kuma sun fi gaskiya a kan abin da za a rubuta a ajiye. Kuskuren da ke haddasa gardamar shi ne tura komai ta ƙofa ɗaya. Cikar ma'ajiya iri biyu ce. Akwai mai tafiyar hawainiya, wadda maganinta saye ne, kuma mai sa hannu a takardar saye ba ya ofis da ƙarfe biyun dare. Akwai mai gudun tsiya, wadda maganinta a tashi yanzu a tsayar da abin da ke cin filin. Ta farko takarda take buƙata a teburin da ya dace ranar aiki. Ta biyu ce kawai ta cancanci kiran waya.

Yadda ake faɗar maganar ma yana da tasiri. Injiniya ya shiga ofis ya ce, "Yallaɓai, ma'ajiya ta kai kashi 80." Amsar da zai samu sananniya ce: "To ai da saura, Malam. A sa a kasafin baɗi." Amma in ya ce, "Yallaɓai, a yadda muke tafiya kwana 100 ya rage ta cika, kuma odarmu ta baya sai da ta yi wata huɗu kafin ta iso," to an daina maganar kaso, an koma maganar ranar da kamfani zai kasa biyan mutane kuɗinsu. Layin gargaɗin saye ya kamata ya fito daga nan: tsawon lokacin da kaya ke ɗauka kafin su iso, a ƙara masa rata. Kamfanin da dillalinsa ke kawo faifai cikin mako biyu da wanda ke jiran wata biyar ba su da dalilin amfani da lamba ɗaya.

Sai dai masu ragewa ba za su ci wannan gardama ba sai sun karɓi sharuɗɗa uku daga abokan jayayyarsu. A bar layi ɗaya tsayayye a ƙasa da inda na'ura ke daina rubutu, wanda aka lissafa da filin sake gini in wani sashe ya mutu, kuma kada wani hasashe ya isa ya kashe shi. A ware wa wani mutum mai suna, ba sashe ba, aikin zama kowane mako ya karanta ƙananan saƙonnin da ba su tayar da kowa ba, yana neman wanda ke maimaita kansa. Sannan a riƙa gwada ƙararrawar kanta, ta hanyar saƙon gwaji da ke zuwa a kai a kai, wanda rashin zuwansa shi ne abin tashin hankali. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira, amma da sharaɗin mai kunnen ya san abin da zai yi kuma yana da ikon yi. Duk gargaɗin da ba a rubuta sunan mai shi da matakin da zai ɗauka a gefensa ba, ko dai a nema masa mai shi cikin makon nan, ko a sauke shi daga wayar mai aikin dare a mayar da shi rajista.